Bashin Riyal 140,000 da Maganar Iflasi: Nazarin Lamarin Wani Direba a Makka

A watan Nuwamban 2022 saƙo ya shigo wayar wani mutumin Kano mazaunin Makka, direba a wani kamfanin rarraba kayan masarufi. Daga Ma'aikatar Shari'a yake, layi biyu da lamba: an shigar da buƙatar tanfiz, wato karɓar bashi ta hannun kotu, a kansa kan riyal 90,000. Ya karanta ya gane sarai, don ya haura shekara 20 a ƙasar, Larabcin kasuwa ba ya gagarar sa. Ya mayar da wayar aljihu, ya ce in Allah ya yarda zai leƙa Jidda su yi magana da mai kayan da ke bin sa kuɗin, irin ta manya. Bai je ba sai bayan mako uku. Kafin nan katin bankinsa ya daina aiki, sunansa kuma ya shiga cikin waɗanda aka hana fita daga ƙasar.

Ba zan ambaci sunansa ba, balle na masu bin sa. Alhaji ake ce masa a unguwa, haka zan kira shi. Na ɗauko lamarinsa ne domin kusan duk wata gurguwar fahimta da ke yawo tsakanin 'yan uwanmu mazauna Saudiyya kan bashi da kotu da lauya sai da ta biyo ta ƙofar gidansa, kuma kowacce ta ci masa wani abu, wata kuɗi, wata lokaci. Dokokin da zan kawo su ne waɗanda aka yi aiki da su a kansa tsakanin 2022 da 2024.

Yadda bashin ya taru

Albashinsa riyal 4,200 ne. Tun da aka fara karɓar kuɗin 'yan rakiya a Yulin 2017, riyal 100 a wata kan kowane mutum da ke ƙarƙashin igamar maigida, wato takardar izinin zamansa a ƙasar, ana ƙara 100 duk shekara har ya tsaya a 400 a 2020, albashi irin wannan ya daina riƙe gida. Ya mayar da manyan 'ya'yansa biyu Kano wajen kakarsu, ya bar uwargida da ƙanana biyu. Wato 1,200 ke fita duk wata kafin a sayi ko buhun shinkafa. Shi ya sa ya shiga 'yar sana'ar da mutanenmu na unguwannin Shara Mansur da Hindawiyya suka sani: a ɗauko abaya da jallabiya da darduma da turare bashi wajen 'yan sari a Jidda, a raba wa matan da ke zuwa Umara daga Kano da Maraɗi da Damagaram, su biya rabi a hannu, rabi in sun sayar a gida.

A Janairun 2020 ya yi sarin da bai taɓa yin irinsa ba, yana hangen Umarar azumi. Mai kayan, wani ɗan kasuwa a Balad, tsohon cikin garin Jidda, ya ce kaya masu yawa haka ba sa fita a kan amana kaɗai, sai da takarda. Takardar ita ce sanad li'amr, alkawarin biyan kuɗi kaza ga wane a rana kaza. Alhaji ya sa hannu ya dangwala yatsa a tsaye, takardar na kan kwalin abaya, yana sauri kada masu lodi su tafi su bar shi. A ganinsa rasit ne. A ƙarshen Fabrairu aka dakatar da shigowar masu Umara saboda korona. Hajjin 2020 ba wanda ya zo daga waje, na 2021 ma mazauna ƙasa 60,000 kawai aka bari. Kaya suka zauna a ɗaki har yayinsu ya wuce. Abin da ya samu ya tura Kano an sayar da shi da asara, wasu matan kuma har yau ba su cika ba.

Bayan wannan akwai ragowar riyal 28,000 na motar da ya ɗauka biyan wata-wata, da 12,000 na hayar gida, da 10,000 na adashi da ya kwasa bai gama zubi ba. Jimilla 140,000. Mai kayan dai ya yi haƙuri sama da shekara biyu, wannan kam ba a ƙwace masa ba.

Kwana biyar

Alhaji ya ɗauka, kamar yadda da yawanmu muke ɗauka, cewa in mutum ya kai ka ƙara za a kira ku gaban alƙali, ya faɗi nasa ka faɗi naka, ka kawo maganar korona, a ɗage zama, a sake ɗagewa. Sanad ba haka yake tafiya ba. Dokar zartar da hukunci ta 2012 ta lissafa takardun da ake kai wa kotun tanfiz kai tsaye ba tare da an yi shari'a a kansu ba, kuma cak da sanad li'amr suna ciki, haka nan yarjejeniyar haya da aka yi wa rajista a Ejar, dandalin gwamnati na rajistar haya. Mai bin bashi ya shiga Najiz, dandalin intanet na Ma'aikatar Shari'a, ya ɗora takardarsa, alƙali ya duba ya ga ta cika sharuɗɗa, sai umarni ya fito. Wannan shi ne abin da mutane ke kira 34, lambar sashen dokar ke nan. Daga ranar da sanarwa ta iske ka kana da kwana biyar, ko ka biya ko ka bayyana dukiyar da za ta isa biya.

Kwana biyar suna cika sai 46 ya biyo baya: hana fita daga ƙasa, hana ka ba wani wakilci a kan dukiya, umartar bankuna su bayyana abin da kake da shi a riƙe shi, sannan a sanar da hukumar da ke ajiye tarihin masu cin bashi, wato SIMAH. Duk wannan ya sauka kan Alhaji yana can yana jiran ranar hutu.

Da labari ya bazu, masu jaje suka cika falo, kowa da fatawarsa. Wani ya ce an yi masa iƙaf ke nan, wato an dakatar masa da ayyukan gwamnati, igama ba za ta sabuntu ba, yara ba makaranta ba asibiti. Wannan tsohon labari ne. Tun Janairun 2020 ministan shari'a Walid al-Sam'ani ya cire dakatar da ayyukan gwamnati daga matakan tanfiz, aka bar abin da ya shafi mu'amalar kuɗi. Wani ya ce albashin duk za a riƙa kwashewa. Shi ma ba haka ba ne: doka ta ce sulusin albashi ake riƙewa don bashi, rabi in bashin na ciyar da iyali ne. A albashin 4,200, 1,400 ke nan. Amma da yake Alhaji ya gaskata mai maganar, bai je banki da takardar shaidar albashi ya nemi a sakar masa sauran ba. Wata biyu gidan yana cin rance wajen maƙwabta, alhali kuɗinsa na halak suna kwance.

"Kawu, ka je ka ce ka karye"

Maganar iflasi daga waje ta zo. Ɗan yayarsa da ke tuƙin tasi a Amurka ya turo saƙon murya mai tsawo. "Kawu, wannan ai ba abin tashin hankali ba ne. Ka je kotu ka ce ka karye, a rubuta. A nan abokin aikina ya yi, wata huɗu aka shafe masa komai." Yaron bai yi ƙarya ba game da inda yake. A Amurka, a ƙarƙashin babi na 7 na dokarsu, mutum na iya miƙa abin da doka ba ta kare masa ba a sayar, kotu ta sauke masa mafi yawan bashin da ya rage. A Ingila ma yawanci bayan shekara guda ake sallamar mutum. Abin da bai sani ba shi ne wannan dokar ƙasarsu ce, ba ta tsallako teku.

Saudiyya tana da dokar iflasi, gaskiya ne, an fitar da ita a 2018, kuma sunanta kaɗai ya ishi mutum ya ruɗe. Hanyoyi bakwai ne a cikinta: sasantawa tun kafin a durƙushe, sake tsara bashi, sayar da kadarori a raba, sai irin waɗannan ukun a sauƙaƙe ga ƙananan masu bashi waɗanda abin da ake bin su bai wuce riyal miliyan 2 ba, sai kuma wadda hukumar iflasi ke gudanarwa da kanta in dukiyar ba za ta ko biya kuɗin aikin ba. Kotun kasuwanci ke duba ta. Da ita aka bi rikicin bashin manyan kamfanonin Algosaibi da Saad a Dammam. Amma an yi ta ne domin kamfanoni, da mutumin da ke kasuwanci ko sana'a a ƙasar, da baƙon da ya zuba jari ta hanyar da aka ba shi lasisi. Ma'aikacin da ya ci bashin mota ko na haya ba ya cikinta.

Ko wanda yake cikinta ma, in mutum ne ba kamfani ba, sayar da kadarorinsa ba ya wanke shi daga ragowar bashin sai in masu bin sa sun yafe. A nan dokar ta tsaya inda fiƙihu ya tsaya tun da can: haƙƙin bawa ba alƙali ke yafe shi ba.

Mai buɗe ƙulli

Kafin ya ji wannan bayanin daga bakin wanda ya sani, sai da ya biya kuɗin makaranta a wajen wanda bai sani ba. Wani abokin aikinsa ya haɗa shi da wani mu'aƙƙib, irin masu bin takardun mutane a ofisoshi, aka ce yana da hanya a kotu. A wani shagon shayi kusa da Misfala suka haɗu. Mutumin ya zo da jaka cike da fayil-fayil, waya biyu a kan tebur, yana amsa ɗaya yana kashe ɗaya. Ya ce riyal 8,000, zai shigar da iflasi ya kuma ɗage hana fita cikin kwana goma. Aka daidaita a 5,000. Uwargida ce ta ranto kuɗin.

Mu'aƙƙib sana'a ce, akwai masu yin ta da gaskiya, sabunta takarda da bin layi. Amma ba lauya ba ne. Tsayawa wa mutum a kotu, bisa dokar aikin lauya ta 2001, na wanda ke da lasisin Ma'aikatar Shari'a ne, in ban da 'yan kaɗan da aka keɓe, kamar miji ko mata ko dangi na kusa. Wanda ya yi shigar lauya ba shi ba ne, laifi ya yi mai hukunci. Umarnin hana fita kuma alƙali ne ya sa shi, ba wani ma'aikaci a bayan kanta da zai danna ya goge shi.

Abin da ya fi kuɗin muni shi ne mutumin ya karɓi lambar sirrin Absher ɗin Alhaji, wato asusunsa na ayyukan gwamnati ta intanet, ya kuma ce duk sanda buƙatar Nafaz, manhajar tabbatar da cewa kai ne, ta fito a waya ya amince kawai. Wanda ya riƙe waɗannan biyun ya riƙe sa hannunka. Da su ake amincewa da sabon sanad a dandalin Nafiz, wanda aka buɗe a 2020 don rubuta sanad ta intanet. Da mutumin ya so, da Alhaji ya wayi gari da bashin da bai ci ba, kuma a rubuce shi ne ya amince. Allah ya taƙaita, ɓarawon ƙarami ne, 5,000 ɗin suka ishe shi. Kwana goma suka zama wata guda, wayoyin nan biyu suka daina shiga.

A tsakanin nan ne kuma Alhaji ya yi abin da ya kusa jawo masa babbar masifa. Wata mata a Kano ta biya shi wani kaso na kuɗin kaya, kimanin riyal 9,000, sai ya ce a saka a asusun matarsa don kada kotu ta gani. Wasu kuma suna ba shi shawarar ya miƙa kansa a kai shi Shumaisi, inda ake tsare baƙin da za a kora, a yi masa tarhil, wato a mayar da shi gida, in ya sauka Kano magana ta mutu. Ya je ƙaramin ofishin jakadancin Najeriya a Jidda ma. Amsar da ya samo ita ce wadda kowane ofishin jakadanci zai bayar: ba sa biyan bashin mutum, ba su da iko kan umarnin kotun ƙasar da suke baƙunci.

Zama da lauya

Wani ɗalibi a Jami'ar Ummul Ƙura, ɗan limamin masallacin unguwa, shi ya zaunar da shi ya canza lambobin sirrin, sannan ya buɗe masa jerin lauyoyi masu lasisi a Najiz. Kowa na iya dubawa, kyauta ne, da sunan lauya ko garinsa. Suka samu wani matashi ɗan ƙasa, cikin jikokin Hausawan da kakanninsu suka zo Hajji a ƙasa ta Sudan suka zauna. Hausarsa ta gida ce, rabi Larabci, amma ta isa. Ya ce zaman shawara riyal 400.

Alhaji ya daɗe yana gudun lauya don ya ɗauka sai mai dubun dubata ke shiga ofishinsu. Wasu kuma suna cewa gwamnati za ta ba shi lauya kyauta, alhali wannan a manyan laifuffuka ne ake yi wa wanda ba shi da hali, ba a shari'ar bashi ba. Tsakanin waɗannan biyun akwai abin da mutanenmu ba su cika sani ba: kana iya sayen awa guda ta lauya, ya karanta takardunka ya gaya maka inda ka tsaya, sauran ka yi da kanka. A kotun tanfiz ba dole ne sai da lauya ba, yawancin buƙatu ta Najiz ake shigarwa, wanda Larabcinsa bai kai ba kuma kotu na sauraron sa ta bakin tafinta.

Lauyan ya fara da iflasi, ya rufe ta da wuri. Igamar Alhaji direba ta ce, ba shi da rajistar kasuwanci, ba shi da lasisin zuba jari. In ya je kotun kasuwanci ya ce shi ɗan kasuwa ne da ya karye, tambayar farko ita ce da izinin wa yake kasuwancin. Ba a wasa da wannan tun da aka sabunta dokar tasattur a 2020, wadda ta kai hukuncin kasuwanci a ɓoye ƙarƙashin sunan ɗan ƙasa zuwa ɗaurin shekara 5 da tarar riyal miliyan 5, baƙo kuma a kore shi. Alhaji ba shi da shago da sunan kowa, amma lauyan ya gaya masa ƙarara cewa sarin nan da yake yi da igamar direba shi ma saɓa ƙa'ida ne, ya daina.

Hanyar da doka ta buɗe wa irinsa ita ce i'isar, wato ya tabbatar wa alƙalin tanfiz cewa ba shi da abin biya. Asalinta aya ta 280 ce a Suratul Baƙara, cewa wanda ke cikin ƙunci a saurara masa har ya samu sauƙi. Saurarawa aka ce. Wanda aka tabbatar da i'isarinsa ba a tsare shi saboda bashin, wannan shi ne babban amfaninta. Bashin kuwa yana nan daram: alƙali zai ba da umarnin riƙe duk dukiyar da ta shigo masa nan gaba, a sanar da SIMAH, mai bin sa kuma yana da damar dawowa duk ranar da ya ga alamar samu.

Kuma ba a ba da ita don mutum ya rantse kawai. Sai an gama binciken dukiya, an yi masa tambayoyi, an buga sanarwa don duk mai bin sa ya ji. In alƙali ya ga alamun ɓoye dukiya, doka ta ba shi damar tsare mutum har shekara 5 don gaskiya ta fito, ana sake yi masa tambayoyi lokaci-lokaci. Ɓoye dukiya ko karkatar da ita don kauce wa tanfiz laifi ne mai zaman kansa da ke kai wa ɗaurin shekara 7. Alƙali kuma na iya neman a bayyana abin da ke asusun matar wanda ake bi da 'ya'yansa in akwai alamar an juya kuɗi can.

Da aka zo nan sai Alhaji ya yi shiru, sannan ya faɗi maganar 9,000 ɗin. Lauyan ya ajiye alƙalami. "Baba, bayan wannan akwai wani abu? Gida, gona, fili, ko a Najeriya ne?" Akwai. Fili ne a bayan gari, hanyar Gwarzo, da ya saya tun 2014 don ranar komawa. Alhaji ya ce ai wannan yana Kano, wa zai sani? Lauyan ya ce ko da kotu ba ta da hannun da zai kai Kano cikin sauƙi, tambaya za a yi masa a gaban alƙali, kuma yaron shagon mai kayan Bahaushe ne, matan da ke sayen kaya a wajen Alhaji su ne ke sayayya a Balad. A cikinmu wa ke da sirri? Mai fili ba mu'usiri ba ne, wato ba marar abin biya ba ne. Hadisin da ya ce jinkirin mai hali zalunci ne, a kansa yake magana.

Tarhil ma ya rushe ta da jimla ɗaya: hana fita hana fita ne, ko ta filin jirgi ko ta Shumaisi, kuma fita ta ƙarshe ba ta yiwuwa yana kanka.

Game da motar, Alhaji ya ji an ce doka ta hana a taɓa gidan da mutum ke ciki da abin hawansa da kayan sana'arsa. Haka ne, tana cikin dokar. Sai dai motar ba tasa ba ce tukuna. Haya ce mai ƙarewa da mallaka, sunan kamfanin ke kan takardarta har a biya kason ƙarshe. Sun karɓe abarsu daga baya, aka yi lissafin abin da ya rage, ya ragu sosai.

Shekarar da fili ya ci

Shawarar lauyan guda ce: a sayar da filin, a haɗa da 9,000 ɗin da aka karkatar, a je wa mai kayan da kuɗi a hannu a nemi sulhu. Wannan a farkon 2023 ne. Alhaji ya mayar da 9,000 ɗin cikin biya nan take, aka rufe yawancin kuɗin haya da su, ya kuma kai takardar albashi aka sakar masa kashi biyu cikin uku. Fili kuwa ya ƙi. Duk wanda ya yi zaman ƙasar waje ya san abin da fili a gida yake nufi, shi ne shaidar cewa shekarun nan ba a banza suka tafi ba. Ban ga laifinsa a zuci ba. A lissafi kuwa ya yi asara mai yawa.

Riyal a ɗaure yake da dala, 3.75, tun 1986. Naira kuwa a farkon 2023 tana wajen 750 a dala a kasuwar bayan fage. A watan Yuni gwamnatin Tinubu ta sake ta, zuwa Fabrairun 2024 dala ta haura naira 1,500. Filin ya ƙara kuɗi a naira, amma bai bi dala ba. Lokacin da ya haƙura ya ce wa ƙanensa ya nemi dillali, abin da ya iso Makka bai wuce riyal 28,000 ba. Da a shekarar da ta gabata ne, da ya doshi 45,000. Abin da ya karya masa taurin kai shi ne auren babbar 'yarsa a Kano, wanda aka ɗaura yana kallo ta waya, ƙanensa ne ya karɓi sadaki.

Uwargida ta ciro awarwaronta. Lauyan ya riga ya gaya musu cewa dukiyar mace tata ce, ba a bin ta bashin miji in ba ta tsaya masa ba, don haka ba wanda zai tilasta ta. Ta ce ta ji. "Alhaji, ni dai a buɗe maka hanya ka je ka ga Inna tun tana da rai." Gwal ya kawo 7,000. Liman ya yi magana da wasu masu hali a cikin jama'a, aka haɗa 5,000 daga zakka, don masu bashi suna cikin kashi takwas da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta lissafa. Kuɗi suka zama 40,000.

Sulhu

Mai kayan ba azzalumi ba ne, shi ma akwai masu bin sa. Sulusin albashin da ake yanka ya riga ya rage wani abu, amma tafiyar ta yi masa nisa. Da ya ga 40,000 a dunƙule sai ya sauko. Ya yafe 15,000, abin da ya saura aka raba shi riyal 1,000 duk wata.

A nan Alhaji ya so ya koma gidan jiya: a yi musabaha, a karanta Fatiha, liman shaida. Lauyan ya ce a yi duk wannan, amma a rubuta. Aka bi ta Taradi, dandalin sulhu na Ma'aikatar Shari'a, inda mai sulhu ke haɗa ɓangarorin ta intanet ya fitar da takarda. Takardar sulhun ita ma ana kai ta tanfiz kai tsaye, don haka ta ɗaure kowa: Alhaji in ya saɓa za a koma kansa, mai kayan kuma ba zai wayi gari ya nemi 15,000 ɗin da ya yafe ba. An rubuta a ciki cewa tsohon sanad ɗin ya mutu, sulhun ya maye gurbinsa. Wannan layin shi ne mafi tsada a duk takardar, domin mutane da yawa sukan biya rabin bashi hannu da hannu ba rasit, sanad yana nan da cikakken adadinsa a aljihun mai shi. Bayan haka mai kayan ya shiga Najiz ya rufe buƙatarsa, aka ɗage hana fita. Duk abin da lauyan ya karɓa, da zaman farko da rubuta sharuɗɗan sulhu, bai kai rabin abin da mu'aƙƙib ya gudu da shi ba.

Saura uwar adashi. Ita ba ta da sanad, ba ta da Ejar, littafi ne kawai da saƙonnin WhatsApp, kuma Alhaji ya ɗauka wannan bashin ba ya cikin lissafin kotu. Dokar shaida da ta fara aiki a 2022 ta karɓi saƙonnin waya a matsayin hujja, kuma akwai muryarsa yana cewa "Inna, ki ƙara mini haƙuri, dubu goman nan suna wuyana." Da ta so, da wannan ya ishe ta. Ba ta kai shi ko'ina ba. Ita ce ta cike gurbin zubinsa daga aljihunta don kada sauran mata su rasa kwasarsu, kuma da yake ita ce ba ta da takarda, ita aka bari a ƙarshen layi. Wannan ɓangaren lamarin bai yi mini daɗi ba. A yanzu yana ba ta 300 duk wata, bayan dubun mai kayan da abin da ya rage na kamfanin mota. Ya samu ya je Kano a ƙarshen 2024. Tarihin saɓa biyan yana nan a SIMAH, wani shagon kayan lantarki ya ƙi ba shi firiji biyan wata-wata saboda shi, kuma 'ya'yan nan biyu ƙanana su ma an mayar da su gida, don 800 ɗin da ake biya musu duk wata yanzu bashi take tafiya.